Gidan Gambino: Yadda Ƙungiyar Mafiya Ta Zauna a Kan Hanyar Abincin Mutanen New York

A shekarun 1930, duk leburan da ke neman aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Brooklyn, a birnin New York na ƙasar Amurka, ya san yadda safiyarsa za ta fara. Maza kan taru tun da duku-duku a bakin mashigar tashar, su yi cirko-cirko cikin sanyi, har sai mai ɗaukar ma'aikata ya fito ya nuna da yatsa waɗanda za su yi aiki a ranar, sauran kuma su koma gida hannu rabbana. Aikin na yini guda ne, don haka babu mai tabbacin gobe, kuma kowa ya san cewa yatsan nan ba ya sauka a kan mutum a banza. Yana sauka ne a kan wanda ya yarda a gutsiri wani abu daga ladansa, ko wanda ya ci bashi mai ruwa a hannun mutanen da ke tsaye a gefe, domin mai bin bashi yana so wanda yake bi ya samu aiki don ya iya biya. Akasarin leburorin 'yan asalin Italiya ne, masu tatsar su ma haka.

Wani saurayi daga cikinsu mai suna Peter Panto ya ƙi yin shiru. Ya riƙa tara 'yan uwansa leburori yana kira da a yi zaɓe na gaskiya a rassan ƙungiyarsu ta ƙwadago, waɗanda a lokacin suke hannun 'yan Mafiya, kuma taron nasa ya yi ta girma har ya fara hana masu riƙe da tashar barci. A watan Yuli na 1939 ya fita da yamma, bai sake dawowa ba. Leburori suka riƙa rubutu da Italiyanci a bangunan unguwa suna tambayar inda Panto yake, sai a watan Janairu na 1941 aka tono gawarsa daga wani rami a garin Lyndhurst na jihar New Jersey. Wanda zargi ya fi faɗawa a kansa shi ne Albert Anastasia, mataimakin shugaban ƙungiyar da daga baya duniya ta sani da suna gidan Gambino, amma har yau ba a hukunta kowa a kan jinin Panto ba.

Da gangan na fara wannan nazari daga bakin tasha, domin fina-finai sun saba wa mutane da kallon Mafiya a matsayin rigimar manyan mutane masu kwat da tsadaddun motoci, waɗanda ke kashe junansu su bar talaka lafiya. Tarihin gidan Gambino bai goyi bayan wannan hoto ba. Ƙarfin gidan ya samo asali ne daga zama a kan mashigar da dole mutane su bi don neman abinci, wato ƙofar ɗaukar aiki, da motar da ke kai kaya kasuwa, da motar kwasar shara, da kankaren da ake zubawa a gini. Bindiga tana nan, amma aikinta shi ne tsare wannan mashiga.

Tsakanin 1880 da farkon shekarun 1920, 'yan Italiya kimanin miliyan 4 suka ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu manoma matalauta daga kudancin ƙasar da tsibirin Sisili. Kusan dukkansu da guminsu suka rayu, kuma su ne farkon waɗanda miyagun cikinsu suka fara zalunta. A farkon ƙarni na 20 an sha aika wa masu shaguna wasiƙun barazana ɗauke da zanen baƙin hannu, ana neman kuɗi ko a ƙone shago ko a sace yaro. Jami'in 'yan sandan New York da ya fi kowa yaƙar masu wannan ta'asa, Joseph Petrosino, shi ma ɗan asalin Italiya ne, kuma an harbe shi a birnin Palermo a watan Maris na 1909 lokacin da ya je binciken asalin wasu masu laifi. Sai dai a wancan zamani ƙungiyoyin ƙanana ne, na unguwa-unguwa. Abin da ya mayar da su attajirai shi ne dokar haramta sayar da giya da Amurka ta yi aiki da ita daga 1920 zuwa 1933, domin masu sha ba su daina sha ba, sai cinikin ya koma hannun masu fasa-ƙwauri, waɗanda a cikin shekara 13 suka koyi sarrafa jiragen ruwa da manyan motoci da rumbunan ajiya, suka kuma koyi farashin ɗan sanda da na ɗan siyasa.

Dukiyar ta jawo yaƙi. A 1930 rikici ya ɓarke tsakanin manyan shugabanni biyu, Joe Masseria da Salvatore Maranzano, kuma ƙananan da ke ƙarƙashinsu suka ga cewa zubar da jinin yana ɓata ciniki. An kashe Masseria a wani gidan cin abinci da ke Coney Island ranar 15 ga Afrilu, 1931, aka kuma kashe Maranzano a ofishinsa ranar 10 ga Satumba na wannan shekarar. Charles Luciano, wanda ke da hannu a kisan biyun, bai naɗa kansa sarkin sarakuna ba. Ya kafa majalisa ce ta shugabanni, wadda za ta riƙa raba gardama, ta amince da sababbin shugabanni, ta kuma ba da izini kafin a taɓa wani babba. Aka tabbatar da rabon New York tsakanin ƙungiyoyi 5, waɗanda a yau aka sani da sunayen Gambino, Genovese, Lucchese, Colombo da Bonanno. Su da kansu suna kiran kowace ƙungiya da kalmar da ke nufin iyali, ko da yake ba jini ne ya haɗa yawancinsu ba, shi ya sa a nan nake cewa gida. Gidan da muke magana a kansa ya faɗa hannun Vincent Mangano, da tashar Brooklyn a matsayin gonarsa.

Tsarin gidan yana da muhimmanci, domin shi ya hana shari'a isa ga manya har kusan shekara 50. A sama akwai shugaba, da mataimakinsa, da mashawarci. Ƙarƙashinsu akwai shugabannin rukuni, kowanne da sojojinsa, wato cikakkun 'yan ƙungiya waɗanda aka rantsar, kuma dole su kasance 'yan asalin Italiya. A ƙasa kuma akwai tarin mabiya na kowace ƙabila, waɗanda ke aikata yawancin laifukan ba tare da an rantsar da su ba. A wajen rantsuwa akan huda yatsan mutum, a ɗiga jinin a kan hoton wani waliyyin Kirista, a cinna wa hoton wuta a tafin hannunsa, ya yi alkawarin cewa gidan ya fi iyalinsa, kuma ba zai taɓa buɗe baki ga hukuma ba. Wannan doka ta kame baki ita suke kira omerta. Kuɗi daga ƙasa yake hawa sama, kowa ya ba na gaba da shi kasonsa, umarni kuma daga sama yake sauka, baki da baki, ta bakin mutum ɗaya ko biyu. Idan aka kama wanda ya harba bindiga, to shi kaɗai aka kama, domin bai taɓa jin umarnin daga bakin shugaba ba, kuma ko ya ji ba zai faɗa ba, tunda ya san gidan zai ciyar da iyalinsa idan ya yi shiru, zai kuma halaka shi idan ya yi magana.

Anastasia ne ya nuna iyakar abin da wannan tsari zai iya. Shi da Louis Buchalter suka jagoranci wani gungun makasa na haya a Brooklyn, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa sunan kamfanin kisa. Da ɗaya daga cikin makasan, Abe Reles, ya juya ya fara ba da shaida, mutane da dama suka tafi kujerar lantarki, har Buchalter kansa aka zartar masa da hukuncin kisa a 1944. Amma kafin Reles ya tsaya a kotu a kan Anastasia, sai aka tsinci gawarsa ranar 12 ga Nuwamba, 1941, a ƙarƙashin tagar ɗakin otal ɗin da 'yan sanda ke gadinsa dare da rana, shari'ar kuma ta mutu tare da shi. A 1951 Mangano ya ɓace, ba a taɓa ganin gawarsa ba, aka tsinci ta ɗan uwansa Philip a wani fadama a Brooklyn, Anastasia ya hau kujera. Shi ma shekara 6 kawai ya yi. Ranar 25 ga Oktoba, 1957, yana zaune a kujerar aski a otal ɗin Park Sheraton da ke Manhattan, mutum biyu suka shigo suka buɗe masa wuta. Mataimakinsa, Carlo Gambino, wanda ake kyautata zaton da saninsa aka shirya kisan, shi ya gaje shi.

Mako 3 bayan haka, ranar 14 ga Nuwamba, shugabannin Mafiya daga sassan Amurka suka taru a gidan Joseph Barbara a ƙauyen Apalachin na jihar New York. Wani sajan na 'yan sandan jiha, Edgar Croswell, ya lura da yawan manyan motoci a ƙauyen, ya sa shinge a hanya, aka tsare mutum kusan 60, wasu a cikin daji suna gudu, kuma Gambino yana cikin waɗanda aka tsare. Wannan ya kunyata shugaban hukumar FBI, J. Edgar Hoover, wanda ya shafe shekaru yana farautar 'yan kwaminisanci yana raina batun Mafiya. Amma darasin da ya fi muhimmanci ya fito ne daga kotu. An samu mutum 20 da laifin haɗa baki don ɓoye dalilin taron, sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1960, domin ba a tabbatar da cewa taron kansa laifi ba ne. Hukuma ta ga gidajen da idonta, amma ba ta da dokar da za ta kama gida a matsayinsa na gida. Ko da Joseph Valachi ya bayyana a gaban kwamitin majalisar dattawa a 1963, ya fayyace tsarin da rantsuwar, ya kuma sanar da jama'a sunan da suke kiran abinsu, Cosa Nostra, wato abin namu, bayaninsa ya ilmantar da mutane ne fiye da yadda ya ɗaure su.

An haifi Carlo Gambino a Palermo a 1902, ya shiga Amurka a ɓoye cikin jirgin ruwa a 1921, ya yi kuɗi da giya, sannan a lokacin yaƙin duniya na biyu ya ƙara yin wasu da cinikin takardun rabon kayan masarufi a kasuwar bayan fage. Mutum ne mai ƙaramin jiki da taushin murya, mai zama a gida marar ƙawa, wanda ba ya son a ji sunansa, kuma a duk rayuwarsa zaman kurkukun da ya yi bai kai shekara 2 ba. A ƙarƙashinsa gidan ya zama mafi ƙarfi a Amurka, kuma dabarar da ya dogara a kanta ita ce riƙe ƙungiyoyin ƙwadago. Wanda ya riƙe reshen ƙungiyar direbobi ko ta leburori yana iya tsayar da aikin ɗan kasuwa da kalma ɗaya, ta hanyar yajin aiki ko jan ƙafa, yana kuma iya sayar masa da zaman lafiya, ko ya kau da kai ya bar shi ya ɗauki ma'aikata a ƙasa da albashin da aka amince. A kowane hali ma'aikacin da aka kafa ƙungiyar don kare shi ne ke asara, har da kuɗin fanshonsa da ake wawura.

A unguwar masu ɗinka tufafi ta Manhattan, 'ya'yan Gambino, Thomas da Joseph, sun mamaye harkar motocin da ke ɗaukar kaya tsakanin masu zana tufafi da shagunan ɗinki. Kowane shago an rataya masa kamfanin mota guda, kuma ko ya ba wani daban kayansa sai ya biya wancan. A harkar kwasar sharar 'yan kasuwa, wadda James Failla ya daɗe yana kula wa gidan da ita, kamfanoni sun raba kwastomomi kamar gado, ta yadda mai otal ko mai kanti ba shi da ikon sauya mai kwashe masa shara komai tsadarsa, wanda kuma ya ƙwace kwastoman wani sai ya biya diyya mai yawa ko a ƙone masa motoci. A harkar gini, gidaje 4 sun haɗa wata ƙungiyar kamfanonin kankare, inda suke zaɓar wanda zai ci kowace kwangilar da ta haura dala miliyan 2, su karɓi kashi 2 cikin 100 na kuɗin. Kamfani ba ya biyan wannan daga aljihunsa, yana ɗora shi ne a kan farashi, don haka mai sayen riga da mai hayar ɗaki da gwamnatin birni duk sun riƙa biyan harajin da ba a rubuta a ko'ina ba.

Ba za a yi adalci ba idan aka ɗora komai a kan 'yan Mafiya kaɗai, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanoni da yawa sun ji daɗin tsarin, tunda ya kore musu gasa ya tabbatar musu da riba, kuma 'yan siyasa suna buƙatar ƙuri'un da shugabannin ƙwadago ke kawowa. Lokacin da aka gurfanar da Anthony Scotto, shugaban reshe na 1814 na ƙungiyar leburorin tashar Brooklyn, wanda hukuma ta daɗe tana dangantawa da gidan Gambino, gwamnan jihar New York mai ci, Hugh Carey, da tsofaffin magadan gari biyu, Robert Wagner da John Lindsay, sun zo kotu sun yaba halinsa. Duk da haka an same shi da laifi a 1979. Wannan shi ya fi damuna a duk labarin, domin yana nuna cewa shekara 40 bayan Panto, masu riƙe da tashar sun tashi daga matsayin 'yan daba sun koma abokan cin abincin manyan gari.

Gambino ya mutu a gidansa ranar 15 ga Oktoba, 1976, mutuwar Allah da Annabi, abin da waɗanda suka gabace shi ba su samu ba. Amma zaɓin magajin da ya yi shi ya dasa tsagar da ta rusa ginin. Ya tsallake mataimakinsa Aniello Dellacroce, wanda mazan titi ke girmamawa, ya ba Paul Castellano, ɗan uwansa kuma ƙanen matarsa. Castellano yana ganin kansa ɗan kasuwa ne mai harkar nama da kaji da gine-gine, ya tare a wani katafaren gida a tudun Todt Hill da ke Staten Island, ya rage cuɗanya da sojojinsa, yana kuma neman kaso mai tsoka daga hannunsu. Gidan ya zama gida biyu a rufi ɗaya, masu kwangila a ɓangaren Castellano, masu fashin motocin kaya da caca da bashi mai ruwa a ɓangaren Dellacroce. Castellano ya kuma riƙe dokar cewa duk wanda aka kama da cinikin miyagun ƙwayoyi hukuncinsa kisa ne, ba don tausayin masu sha ba, sai don ɗaurin ƙwaya yana da tsawon da ke sa mutum ya buɗe baki.

A daidai wannan lokaci makamin hukuma ya sauya. A 1968 majalisar dokokin Amurka ta halatta naɗar maganar mutane a asirce da izinin alƙali, a 1970 kuma ta zartar da dokar da aka fi sani da RICO, wadda masanin shari'a G. Robert Blakey ya tsara. Dokar ta ce idan aka tabbatar da akwai ƙungiya, aka kuma tabbatar mutum ya tafiyar da harkokinta ta hanyar aikata aƙalla laifuka 2 daga cikin jerin da aka lissafa a tsakanin shekara 10, to ana iya ɗaure shi har shekara 20 a kan kowace tuhuma, a kuma ƙwace dukiyar da ya tara. Ma'anar wannan ita ce shugabancin kansa ya zama abin tuhuma, ko da shugaban bai taɓa riƙe bindiga ba. Dokar da ta zo da RICO ita ce kuma ta buɗe hanyar shirin kare shaidu, inda ake sauya wa mai ba da shaida suna da gari, don kada abin da ya samu Reles ya same shi. An ɗauki kusan shekara 10 kafin masu bincike su fahimci abin da ke hannunsu, har sai da Blakey ya riƙa tara su yana koya musu su daina farautar laifi ɗaya-ɗaya, su riƙa tattara hujja a kan gida sukutum.

Da suka fahimta, sai na'urorin naɗar magana suka bazu. A 1983 an dasa ɗaya a cikin gidan Castellano kansa. Kafin nan an dasa wata a gidan Angelo Ruggiero, aminin wani shugaban rukuni mai suna John Gotti, kuma Ruggiero mutum ne mai surutu, ya yi ta maganar cinikin hiroyin yana kuma zagin shugabansa. Da aka tuhume shi tare da Gene, ƙanen Gotti, sai Castellano ya nemi a ba shi kwafin faya-fayan ya ji da kunnensa, Dellacroce kuma ya yi ta jan lokaci don ya kare yaransa. A watan Fabrairu na 1985 babban mai gabatar da ƙara na tarayya a Manhattan, Rudolph Giuliani, ya tuhumi shugabannin gidajen New York gaba ɗaya a matsayinsu na 'yan majalisar Mafiya, har da Castellano. Ranar 2 ga Disamba Dellacroce ya mutu da ciwon daji, Castellano bai je gaisuwa ba, kuma Gotti ya ga cewa inuwar da yake fakewa a ciki ta gushe. Ranar 16 ga Disamba, 1985, da magariba, a tsakiyar cunkoson masu sayayyar Kirsimeti, aka harbe Castellano da sabon mataimakinsa Thomas Bilotti a ƙofar gidan cin abinci na Sparks a Manhattan, yayin da Gotti da Salvatore Gravano, wanda daga baya ya zama mataimakinsa, ke kallo daga cikin mota a tsallaken titi. Gotti ya hau kujera, amma ba a nemi izinin majalisar Mafiya ba kafin kisan, kuma ramuwa ta zo a watan Afrilu na 1986, lokacin da bam ya tashi da motar Frank DeCicco, mataimakin Gotti. Sauran shugabannin da aka tuhuma kuwa an same su da laifi a watan Nuwamba na 1986, aka yanke wa Anthony Salerno da Anthony Corallo da Carmine Persico shekara 100 kowannensu.

Gotti kishiyar Carlo Gambino ne a komai. Yana son tsadaddun kaya da kyamarar 'yan jarida, yana shirya wa unguwarsa ta Ozone Park walima da wasan wuta duk ranar 4 ga Yuli, kuma sau 3 yana fita daga kotu ba tare da hukunci ba tsakanin 1986 da 1990, har jaridu suka yi masa laƙabi da kaskon da abu ba ya kamawa. Mutane da yawa sun ɗauke shi gwarzo, amma yadda aka samu nasarorin ya isa ya kawar da wannan ruɗi. A shari'ar farko, mutumin da ya kai ƙarar an mare shi an ƙwace masa kuɗi ya zo kotu ya ce ya manta fuskar wanda ya yi masa, bayan barazanar da ya sha. A ta biyu, wadda aka kammala a watan Maris na 1987, an sayi ɗaya daga cikin mutum 12 da ke taya alƙali yanke hukunci da dala 60,000, kuma daga baya an ɗaure shi a kan haka. Tun kafin wannan, a 1980, wani maƙwabcin Gotti da ya buge ɗansa ɗan shekara 12 da mota, a hatsarin da 'yan sanda suka ce ba ganganci ba ne, ya ɓace bayan 'yan watanni, ba a sake ganinsa ba.

Son a gani ne ya kai shi ƙasa. Gotti ya wajabta wa shugabannin rukuni su riƙa zuwa gaishe shi kowane mako a kulob ɗin Ravenite da ke titin Mulberry, jami'an FBI kuma suna ɓoye a wani bene suna ɗaukar hoton duk mai shiga da fita, ta haka ya zana musu taswirar gidan da hannunsa, abin da dokar RICO ta fi buƙata ke nan. Da suka gano cewa idan zai yi magana mai nauyi yakan hau wani ɗaki da ke saman kulob ɗin, mallakar wata tsohuwa gwauruwa, sai suka dasa na'ura a can a ƙarshen 1989. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. An naɗi muryarsa yana bayanin kashe-kashen da ya ba da umarni, har da cewa wani sojansa, Louis DiBono, zai mutu saboda ya ƙi zuwa da aka kira shi, kuma an kashe DiBono a 1990. An kuma naɗe shi yana kushe Gravano a bayan idonsa, yana zarginsa da haɗama, yana jingina masa wasu daga cikin kashe-kashen. An kama su ranar 11 ga Disamba, 1990, aka kunna musu faya-fayan a kotu, Gravano ya ji da kunnensa yadda ubangidansa ke shirya masa rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a watan Nuwamba na 1991 mataimakin shugaban gidan Gambino ya koma ɓangaren gwamnati.

A shari'ar da aka yi a Brooklyn a gaban alƙali I. Leo Glasser, an ɓoye sunayen masu taya alƙali, aka killace su, aka kuma hana lauyan Gotti na da, Bruce Cutler, tsayawa masa, saboda muryarsa ta fito a faya-fayan. Gravano ya yi kwanaki yana ba da shaida, ya bayyana daren Sparks dalla-dalla. Ranar 2 ga Afrilu, 1992, aka samu Gotti da dukkan laifukan da ake tuhumarsa, ciki har da kisan mutum 5, ranar 23 ga Yuni kuma aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar sassauci ba, yayin da ɗaruruwan magoya bayansa ke tarzoma a wajen kotu. Ya mutu a asibitin kurkuku a jihar Missouri ranar 10 ga Yuni, 2002, da ciwon daji na maƙogwaro.

Nasarar tana da farashin da bai kamata a ɓoye ba. Gravano ya amsa da bakinsa cewa yana da hannu a kisan mutum 19, ciki har da ɗan uwan matarsa, amma shekara 5 kawai aka yanke masa, saboda shaidarsa ta taimaka wajen ɗaure mutum fiye da 30. Iyalan waɗanda ya kashe suna da haƙƙin jin cewa an yi ciniki da jininsu, kuma ƙorafinsu ya ƙara ƙarfi a shekarar 2000, lokacin da aka sake kama shi a jihar Arizona da cinikin ƙwaya. A ganina, ba tare da irinsa ba da wuya a isa ga shugaban da tsari ya killace, amma hakan bai mayar da shekara 5 ta zama daidai da rai 19 ba.

Abin da ya fi rage ƙarfin gidan, bayan ɗaure-ɗauren, shi ne ƙwace mashigun da yake zaune a kai, aikin da ba shi da armashi a jarida. A 1992 Thomas da Joseph Gambino suka amsa laifi a ƙarar da ofishin Robert Morgenthau, mai gabatar da ƙara na gundumar Manhattan, ya shigar, suka biya dala miliyan 12, suka kuma fice daga harkar dakon tufafi a unguwar. A 1996 birnin New York ya kafa hukumar da ke ba kamfanonin shara lasisi bayan ta binciki masu su, ta kuma ba kwastoma 'yancin sauya kamfani, farashin kwasar shara ya faɗi ƙwarai. Kotuna sun naɗa masu sa ido a kan ƙungiyoyin ƙwadago da dama har aka yi zaɓukan da Panto ya nema tun 1939. Duk da haka gidan bai mutu ba. A 2003 aka samu Peter Gotti, yayan John, da laifi a shari'ar da ta shafi tatsar tashoshin Brooklyn da Staten Island ta hannun wancan reshe na 1814. Shugabannin da suka biyo baya sun koma tafarkin Carlo Gambino na kame baki da guje wa kyamara, har yawancin mutanen New York ba su san sunan Frank Cali ba sai da aka harbe shi a ƙofar gidansa a Todt Hill a watan Maris na 2019, a kisan da bincike ya nuna ba na rikicin Mafiya ba ne.

A tashar kuwa, hukumar haɗin gwiwa da jihohin New York da New Jersey suka kafa a 1953, wadda ta soke tsarin zaɓen leburori da yatsa a bakin ƙofa ta maye shi da rajista, ta rushe a 2023, bayan kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa New Jersey tana da ikon ficewa, kowace jiha ta koma kula da ɓangarenta. A watan Nuwamba na wannan shekarar masu gabatar da ƙara na tarayya a Brooklyn suka tuhumi mutum 10 da ake dangantawa da gidan Gambino, aka kuma kama wasu 6 a Italiya, bisa zargin amfani da duka da barazana don mamaye harkar kwasar shara da rushe gine-gine a birnin New York.